Sao Paulo ko Salvador: inda ɗalibi zai yi makonsa na farko a Brazil

Shekarar karatu a Brazil tana farawa ne a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, zango na biyu kuma a watan Agusta, kuma da wuya ranar tikiti mai sauƙin kuɗi ta dace da ranar da jami'a ta sa don rajista. Saboda haka ɗalibin da ya samu gurbi, ko ta shirin PEC-G na ba ɗaliban ƙasashen waje gurbin digiri na farko, da gwamnatin Brazil ta kafa tun 1965, wanda Najeriya da Gana da Kamaru suke cikin ƙasashen da ke amfana da shi, ko ta wani tallafin karatun digiri na biyu da na uku, yakan tsinci kansa da kwana biyar zuwa bakwai a hannu kafin ya wuce garin da zai zauna. Wannan rata ba ta isa a zaga ƙasar da ta ninka Najeriya girma sau tara ba, amma ta isa mutum ya san gari ɗaya, kunnensa ya fara sabawa da harshen Fotugis, ya kuma yi kurakuransa na baƙunta a lokacin da ba su shafi jarrabawa ba. Birane biyu ne suka cancanci a auna su don wannan gajeriyar ziyara, wato Sao Paulo da Salvador ta jihar Bahia.

Rio de Janeiro ta fi su suna, amma a watannin da ɗalibai ke isa ita ce matattarar masu yawon buɗe ido daga ko'ina a duniya, kuɗin masaukinta yana da nauyi, kuma abin da take nuna wa baƙo bai da alaƙa sosai da rayuwar ɗalibi. 

Abu na farko da ke raba biranen biyu shi ne hanya. Jiragen da ke ɗauko mutanenmu, kamar Ethiopian ta Addis Ababa, da Turkish ta Istanbul, da Qatar ta Doha, duk a filin Guarulhos na Sao Paulo suke sauka, don haka wanda ya zaɓi Sao Paulo bai ƙara ko sisi a kuɗin tafiya ba, ya sauka ne kawai ya shiga gari, tazarar kilomita kusan 25. Salvador kuwa tana can arewa maso gabas, nisan da ya kusa kilomita 2,000 ta mota, tafiyar fiye da awa 30 a bas, ko awa biyu da 'yan mintuna a jirgi. Akwai jirgin TAP da ke zuwa Salvador kai tsaye daga Lisbon, amma ga mafi yawan masu tasowa daga Kano ko Abuja ko Yamai, zuwa Salvador na nufin ƙarin tikitin cikin gida, sannan wani tikitin daga can zuwa garin jami'a. A nan ne kuɗi ke zurarewa ba tare da mutum ya lura ba, domin ɗalibi yana tafe da manyan akwatuna biyu na zaman shekaru, alhali tikiti mafi araha na kamfanonin cikin gida, wato LATAM da Gol da Azul, bai haɗa da akwatin da ake aunawa ba, kowace jaka mai kilo 23 sai an biya mata daban, kuma biya a wurin awo ya fi biya ta intanet tsada. Akwai kuma wani tarko da ke kama baƙi: filaye uku ne ake sayar da tikitinsu da sunan Sao Paulo, Guarulhos da Congonhas da ke tsakiyar gari da Viracopos da ke Campinas, kusan kilomita 100 daga birnin. Wanda ya sauka a Guarulhos da dare bayan awa 12 a sama daga Addis Ababa, ya kuma gano cewa jirginsa na gaba daga Viracopos zai tashi da asuba, ya fara zaman Brazil da asara.

Idan jami'ar tana kudu ko kudu maso gabas, fifikon Sao Paulo a wannan fanni ya ƙara fitowa fili. Tashar bas ta Tietê, wadda ita ce mafi girma a Latin Amurka, tana kan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma daga nan ana samun bas zuwa Campinas cikin awa ɗaya da rabi, zuwa Curitiba ko Rio cikin kusan awa shida, zuwa Belo Horizonte cikin kusan awa takwas, a motoci masu kujerun kwanciya waɗanda ba sa tsananta wa fasinja kan kaya kamar jirgi. Wanda aka tura Recife ko Maceió ko Aracaju ko ita kanta Jami'ar Tarayya ta Bahia kuwa, Salvador tana kan hanyarsa, kuma lissafin ya juya.

Watan isowa shi ne ma'auni na biyu, kuma shi ne wanda aka fi mantawa. Mafi yawan ƙasar Brazil yana kudu da layin da ya raba duniya biyu, don haka Janairu da Fabrairu su ne tsakiyar zafi, Yuni zuwa Agusta kuma sanyi. Sao Paulo tana kan tudu mai tsayin kusan mita 760, a Yuli da Agusta dare kan sauka zuwa digiri 12, wani lokaci ƙasa da haka, sanyi mai laima wanda ya bambanta da na hunturunmu, a gidajen da galibi ba a yi musu abin ɗumama ɗaki ba. A Fabrairu kuma ruwan yamma mai ƙarfi ne ke tsayar da zirga-zirga, ya cika wasu tituna. Salvador tana daidai digiri 13 kudu, kwatankwacin inda Katsina da Sakkwato suke ta arewa, a bakin teku, kuma zafinta bai cika fita daga tsakanin digiri 21 zuwa 31 ba duk shekara, sai dai daga Afrilu zuwa Yuni ruwan sama yana da yawa. Ta fuskar jiki, Salvador ta fi sauƙi ga wanda ya taso a ƙasar Hausa, ko da yake gumin bakin teku ba irin zafin da ya sani ba ne.

Matsalar Salvador a Fabrairu ita ce bikin Kanibal. Na can yana cikin mafi girma a duniya, ana yin sa a kan titi kusan mako guda, manyan motoci masu ɗauke da makaɗa suna ratsa unguwannin Barra da Ondina da Campo Grande, wato daidai wuraren da baƙo zai so ya sauka. Masaukai suna ninka kuɗinsu, da yawansu ba sa ba da ɗaki sai na kwanakin bikin gaba ɗaya, ofisoshi da bankuna suna rufewa, tikitin jirgi yana hawa. Ranar bikin tana motsi kowace shekara, a 2027 Talatar Kanibal za ta faɗo ne ranar 9 ga Fabrairu, a daidai kwanakin da ake sa ran fara azumin Ramadan. Ɗalibi mai azumi, mai akwatuna biyu da kuɗin zango a jiki, wanda bai iya harshe ba, bai da abin yi a Barra a wannan mako. Sao Paulo ma tana da nata bikin na tituna, amma birnin ya yi girman da mutum zai iya kauce masa. Kafin a sayi kowane tikiti, sai a duba ranar Kanibal ta shekarar.

Yanzu sai abin da kowane gari ke koya wa sabon zuwa. Sao Paulo birni ne na mutum miliyan 11 da dubu ɗari huɗu bisa ƙidayar 2022, idan an haɗa da kewayenta sun haura miliyan 20, kuma mako ɗaya a cikinta horo ne kan yadda Brazil ta zamani ke aiki. A nan mutum zai koyi shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe tun 1974, wanda kuɗinsa bai wuce real biyar da 'yan kai na kuɗin Brazil ba, ya koyi cin abinci a gidajen da ake auna faranti a biya da kilo, ya ga yadda ake biyan kusan komai da kati ko da tsarin Pix na tura kuɗi ta waya da babban bankin ƙasar ya fito da shi a 2020. Ranar Lahadi ana rufe titin Paulista ga motoci, bas-bas na birni kuma kyauta ne a ranar, ranar Talata ana shiga gidan zane-zane na MASP ba tare da biya ba. Wanda ya hau layin rawaya zuwa tashar Butantã zai iya zagaya harabar Jami'ar Sao Paulo, wadda aka kafa a 1934, ya ga yadda ɗalibai ke rayuwa, da gidan cin abincinsu mai rahusa, da allunan tallan ɗakunan haya na haɗaka, abubuwan da zai tarar da irinsu a tasa jami'ar. Sayayyar farko ma a nan ta fi sauƙi. Titin 25 de Março, wanda 'yan kasuwa 'yan asalin Siriya da Labanan suka raya, da unguwar Brás, su ne Kantin Kwarin birnin, inda ake samun rigar sanyi da bargo da zanen gado da kan caja mai dacewa da soket ɗin ƙasar a farashin sari. Rigar sanyin da ta dace da Curitiba ba a kasuwar Kano ake samunta ba, kuma sayenta a nan ya fi jawo ta daga gida.

Abin da Sao Paulo ba ta da shi shi ne sauƙin kai. Gari ne na siminti da cunkoso da gaggawa, tafiya daga wannan unguwa zuwa waccan tana iya cin awa ɗaya da rabi, kuma mutanensa, duk da ladabinsu, ba su da lokacin tsayawa su saurari wanda ke haɗa jimla da ƙyar. Ɗalibin da wannan ce fitarsa ta farko daga gida yana iya jin kaɗaici a rana ta uku fiye da yadda ya zata.

Salvador ta wani gefen take kama mutum. An kafa ta a 1549, ita ce babban birnin Brazil har 1763, mutanenta kusan miliyan biyu da dubu ɗari huɗu ne, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari baƙaƙe ne ko ruwa biyu. Bahaushe yana tafiya a titi babu mai waiwayensa, ba a gane shi baƙo ba ne sai ya buɗe baki, kuma idan ya buɗe, mutanen Bahia sun fi haƙurin jira da gyara masa. Garin hawa biyu ne, na sama da na ƙasa, lif ɗin Lacerda mai tsayin mita 72, wanda aka fara aiki da shi a 1873, shi ke haɗa su. Tsohuwar unguwar Pelourinho, da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, ana gama ta da ƙafa a yini ɗaya. A dandalin Terreiro de Jesus ne tsohuwar makarantar likitanci ta 1808 take, ta farko a ƙasar, kuma a cikin gininta aka ajiye gidan tarihin al'adun Afirka da Brazil na jami'ar tarayya. Kwana huɗu sun isa a ga abin da ya kamata a gani ba tare da gudu ba.

Dalilin da ya sa Salvador ta shiga wannan awo tun farko shi ne tarihinta, domin babu wani birni a nahiyar Amurka da sawun Hausawa ya fito a cikinsa kamar nan. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa sun jefa mutane da yawa daga ɓangarorin biyu cikin bauta, aka bi da su ta ƙasar Oyo zuwa tashoshin bakin teku irin su Legas da Porto-Novo da Ouidah, aka tsallaka da su Bahia don aikin rake da dako. A watan Mayun 1807 hukumomin birnin sun bankaɗo wani shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla, a Fabrairun 1814 kuma tawaye ya ɓarke a wuraren kamun kifi na Itapuã, shi ma Hausawa ne a gabansa. Mafi shahara shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, a ƙarshen watan Ramadan, wanda aka sani da tawayen Malê. Yarabawa Musulmi ne suka fi yawa a cikinsa, tare da Hausawa da Nufawa, mutum kusan 600 suka fito cikin fararen riguna da layu a jiki, aka fara faɗa a Ladeira da Praça kusa da fadar gwamnati, aka ƙare a Água de Meninos inda sojojin doki suka tare su, kusan 70 daga cikinsu suka mutu. Daga cikin malaman da aka gurfanar akwai wani Bahaushe 'yantacce mai suna Elesbão do Carmo, wanda aka fi sani da Dandará, mai sayar da taba da koyar da karatu. An harbe mutum huɗu a Campo da Pólvora a watan Mayun shekarar, aka yi wa wasu bulala, aka kori 'yantattu da yawa zuwa Afirka ta Yamma, kuma irin waɗannan masu komowa ne suka kafa unguwar 'yan Brazil a tsibirin Legas da al'ummar Tabom a Ankara ta Gana. Takardun da aka ƙwace masu rubutun Larabci, ayoyi da addu'o'i da rubutun almajirai masu koyo, suna ajiye a ma'adanar takardun jihar Bahia.

Sai dai kada mai zuwa ya sa ran tarar da wannan tarihi a shimfiɗe yana jiransa. Wuraren suna nan, Campo da Pólvora ma tashar jirgin ƙasa ce a yau, amma tituna ne na yau da kullum masu shaguna da motoci, kuma wanda bai karanta labarin kafin ya zo ba zai wuce su bai san ya wuce komai ba. Musuluncin waɗancan bayi bai ɗore zuwa jikoki ba, abin da ya ɗore kuma ya cika garin shi ne addinin Candomblé mai tushe a bautar gargajiya ta Yarabawa da mutanen Dahomey, tare da Kiristanci. Bayanan gidajen tarihi galibi da Fotugis suke, masu yi wa baƙi jagora ma haka. Wannan ne ya sa nake ganin Salvador ta fi amfanar ɗalibin da ya yi wata shida yana koyon harshe fiye da wanda ya sauka jiya. Na farkon zai iya tambaya, ya ji amsa, ya nemi malami a cibiyar nazarin Afirka da Gabas ta jami'ar, wadda ke aiki tun 1959. Na biyun hoto kawai zai ɗauka.

Game da sallah da abinci, Sao Paulo ta yi nisa a gaba. Ita ce cibiyar Musulmin ƙasar, akwai Masallacin Brazil a Cambuci, mafi daɗewa a ƙasar, akwai na Pari da na Santo Amaro da wasu, kuma a kewayen Pari da Brás ana samun mahauta da gidajen abinci na Larabawa masu sayar da naman halal. A ranar Juma'a mutum zai haɗu da 'yan Senegal da 'yan Najeriya da Siriyawa da 'yan Bangaladash, kuma sau da yawa a harabar masallaci ake samun labarin ɗakin haya da sunan wanda za a nema a garin da za a je. Salvador tana da cibiyar Musulunci guda a unguwar Nazaré, ƙarama ce, jama'arta kaɗan ne, amma suna karɓar baƙo hannu biyu. Wani abu da ke ba mutane mamaki shi ne, Brazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman halal zuwa ƙasashen waje, amma naman da ke kantunan cikin gida mafi yawansa ba ya ɗauke da wannan shaida. Babban abin lura a biranen biyu shi ne alade da ke ɓuya cikin abincin da ba a zata ba. Wake da shinkafa su ne abincin kullum, kuma ana yawan dafa waken da kitsen alade ko tsiransa, garin rogo soyayye da ake barbaɗawa a kai ma haka, feijoada kuwa, abincin Laraba da Asabar a Sao Paulo, alade ne tushenta. Ya wajaba a riƙe kalmomin porco da bacon da linguiça da toucinho tun daga jirgi, a tambaya kafin a zuba.

A nan Salvador ta rama wani abu, domin girkinta na kifi ne da jatan lande da manja da madarar kwakwa, kuma harshen mutumin Afirka ta Yamma ya san shi. Acarajé da mata masu fararen tufafi ke soyawa a bakin titi ƙosai ne na wake da aka soya a manja, a tsaga shi a zuba masa haɗi da barkono, abará alale ce a ganye, caruru miyar kuɓewa ce. Akwai ma wani abinci da ake kira arroz de hauçá, shinkafa mai laushi da soyayyen busasshen naman sa da albasa, wanda ake danganta shi ga Hausawan Bahia. Mai gudun alade zai iya yin mako a Salvador yana cin kifi ya ƙoshi.

Tsaro yana buƙatar magana ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Jihar Sao Paulo tana cikin masu ƙarancin kisan kai idan an auna da yawan jama'a, Bahia kuwa ta yi shekaru tana kan gaba a yawan kashe-kashe, mafi yawansu rikicin ƙungiyoyin masu safarar ƙwaya ne a unguwannin da baƙo ba shi da dalilin shiga. Abin da ya fi shafar ɗalibi a duka biyun shi ne fizgen waya da fashin kan titi. A Sao Paulo masu keke da babur ne ke fizge waya daga hannun mai tsaye a bakin hanya, har a kan titin Paulista, kuma kewayen tashar Luz da Campos Elíseos ba wurin yawo ba ne da dare, duk da arahar otal-otal ɗinsa. Gara a ƙara kuɗi a sauka a Paraíso ko Vila Mariana ko Pinheiros, kusa da tashar jirgi. A Salvador, Barra da Rio Vermelho sun fi kwanciyar hankali ga baƙo, Pelourinho tana da 'yan sanda a manyan titunanta, amma lungu biyu daga nan lamarin ya canza, kuma bayan magariba mota ake kira ta manhaja, ba a saukowa garin ƙasa da ƙafa. Baƙo ko da ido makaho ne, don haka a tambayi mai masauki kowace safiya inda ake bi da inda ba a bi. A bar fasfo da takardun jami'a a ɗaki, a fita da kwafi, lambar 'yan sanda 190 ce, ta motar asibiti 192. Akwai kuma gargaɗi da ya shafi Guarulhos musamman. Al'adarmu ta karɓar saƙo daga hannun ɗan'uwa ko abokin ɗan'uwa ba ta da wuri a wannan fili, domin hanya ce da masu safarar hodar ibilis ke amfani da ita, kuma 'yan Afirka da dama suna gidajen yarin jihar saboda jakar da suka ɗauka. Ko zuwa ko dawowa, ko ƙunshin magani ne aka ce, kada a karɓa.

Ɗaliba mai hijabi ba ta da wata doka da ta hana ta a ko'ina a ƙasar, kuma nuna wariyar launi ko ta addini laifi ne a dokar Brazil. A Sao Paulo ido ya saba da hijabi, a Salvador za a fi kallonta da tambayarta, galibi don son sani. Shigar mutanen bakin teku a Barra kuwa abu ne da ya kamata namiji da mace su san za su tarar.

Ta fuskar kuɗi, kwana da abinci a Salvador sun fi sauƙi a wajen lokutan biki, amma tikitin jirgi biyu da kuɗin kaya sukan cinye bambancin har su wuce. Sao Paulo ta fi tsada a masauki, ta fi araha a sufuri da sayayya, kuma yawancin abubuwan da ɗalibi zai so gani, kamar lambun Ibirapuera da gidan tarihin Afro Brasil da ke cikinsa, kyauta ne ko kusa da kyauta. Ko wanne aka zaɓa, kuɗin wannan mako kada ya fito daga na ajiyar haya da na watan farko, domin tallafin karatu, ga mai shi, yakan fara shigowa ne bayan an buɗe asusun banki.

Takardu ma suna da hannu a zaɓin. Mai bizar karatu yana da kwana 90 daga ranar da ya shiga ƙasar don ya yi rajista da 'yan sandan tarayya ya nemi katin zama na CRNM, kuma ana yin wannan ne a yankin da zai zauna, da adireshinsa na can, don haka makon yawo yana cin wani ɓangare na wa'adin ba tare da ya rage aikin ba. A wasu garuruwa samun ranar ganawa yana ɗaukar makonni. Lambar haraji ta CPF kuwa ita ce mabuɗin layin waya da asusun banki da Pix da sayen tikiti a shafuka da yawa, kuma ana iya neman ta tun daga gida ta ofishin jakadancin Brazil a Abuja ko ƙaramin ofishinsa a Legas. Wanda ya iso da ita a hannu zai iya yin makonsa a kowane gari cikin sauƙi. Wanda ya iso babu ita ya fi dacewa da Sao Paulo, inda ma'aikata suka saba da baƙi masu fasfo kawai.

Da aka haɗa waɗannan duka, ga inda na tsaya. Ɗalibin da wannan ce tafiyarsa ta farko, wanda bai iya Fotugis ba, jami'arsa kuma tana kudu ko tsakiyar ƙasar, ya tsaya a Sao Paulo kwana uku ko huɗu, ya daidaita zuwansa yadda Juma'a da Lahadi za su faɗo ciki, ya yi sayayyarsa, sannan ya wuce garinsa da sauran kwanakin don neman ɗaki, domin ɗakuna masu kyau kusa da jami'a suna ƙarewa kafin zango ya buɗe. Salvador ya ajiye ta zuwa hutun Yuli ko wani dogon hutu, lokacin da zai je da jakar baya kaɗai, da katin zama a aljihu, da harshen da zai yi tambaya da shi. Wanda jami'arsa ke arewa maso gabas, ko wanda ya riga ya ci jarrabawar harshe ta Celpe-Bras, ko ɗalibin tarihi da ilimin zamantakewa da ke isowa a Agusta, shi Salvador ta fi masa, kuma ya sayi tikitinsa a haɗe tun daga gida har zuwa can, domin ƙa'idar kaya ta jirgin ƙasa da ƙasa ta bi shi a jirgin cikin gida, ya kuma tabbatar cewa jirgi na biyun daga Guarulhos zai tashi, da ratar aƙalla awa uku don shige da fice da karɓar akwatuna da sake ba da su.